Wa Ya Sa wa Giwa Hular Bishof?

A ƙaddara wani yaro ɗan shekara 9 a Hotoro, ɗalibi a ɗaya daga cikin makarantun kuɗin nan da suka yawaita daga Tarauni zuwa Gyadi-Gyadi. Ya dawo gida da la'asar ɗauke da allo mai gida 64 da 'yar jaka mai 'ya'ya 32, ya shimfiɗa a tsakar falo, ya ce yau sai ya koya wa mahaifinsa wasan ces da aka fara koya musu a makaranta.

"Abba, wannan shi ne kin. Wannan kwin, ta fi kowa ƙarfi. Wannan ruk, wannan nait, waɗannan ƙananan fon. Wannan kuma bishof, shi a karkace yake tafiya."

Uban ya ɗauki ɗan itacen ya jujjuya shi, ya dubi gicciyen da ke kan kambin sarkin, ya ce, "To, me limamin coci yake nema a fagen yaƙi? Kuma don me yake tafiya a karkace?"

"Haka Malam ya ce, Abba."

Daga nan ɗayan biyu ne yakan faru. Ko dai uban ya naɗe allon ya ce ba a gidansa ba, wasan Nasara ne, ko kuma ya yi murmushi ya ƙyale yaron, don a ganinsa duk abin da ya zo da sunan Turanci hanyar ci gaba ce. Iyayen biyu suna ganin sun saɓa wa juna, alhali kuwa kuskure guda suka yi tarayya a kai: dukansu sun yarda wasan na Turawa ne.

Tambayar uban tana da amsa, amsar kuma tana rushe wannan zato. Abin da yaron ya kira bishof giwa ce. Wadda ya kira kwin waziri ne. Ruk kuwa karusar yaƙi ce. Turawa sun karɓi wasan ne daga hannun Musulmi, suka sake wa mayaƙansa suna gwargwadon tsarin fadojinsu, kamar yadda kusan kowace al'umma ta yi da wasan ya iso mata. Koya wa ɗan Bahaushe sunayen Ingilishi, ko juya su kalma da kalma zuwa Hausa, shan ruwan ƙarshen kwata ne alhali ga idon rijiya. Hausa tana da kalmomin yaƙi da suka fi na Ingilishi dacewa da wannan allo, kuma lokaci ya yi da za a ɗora su a kai.

Runduna mai gaɓa huɗu

Wasan ya bayyana a Indiya wajen ƙarni na 6 miladiyya da sunan caturanga, kalmar Sanskirit mai nufin gaɓoɓi huɗu. Gaɓoɓin su ne sassan rundunar sarakunan Indiya: giwaye, dawaki, karusai da mayaƙan ƙasa. Aka sa sarki da mashawarcinsa a tsakiya, aka jera rundunar a kan allo mai gida takwas sau takwas wanda dama can ana wani wasan a kansa. Daga Indiya ya shiga Farisa ya zama catrang. Farisawa har labari gare su na yadda sarkin Indiya ya aiko wa Kisra Anushirwan, wanda ya yi mulki daga 531 zuwa 579, da allon a matsayin kacici-kacici, wazirinsa Buzurjumihir ya warware. Da Musulmi suka ci Farisa a ƙarni na 7 suka gaji wasan, harshen Larabci ya mayar da sunan shaɗaranji.

A 1977 masu haƙar kayan tarihi suka tono 'ya'yan wasan guda bakwai na haure a Afrasiyab, tsohon mazaunin birnin Samarƙandi, waɗanda aka ƙiyasta na wajen ƙarni na 8 ne. A cikinsu akwai mahayin doki, da giwa da mai hawanta, da karusa, da mayaƙan ƙasa riƙe da takobi da garkuwa. Babu sarauniya a ciki, babu limami, babu hasumiya.

A Bagadaza ta Abbasiyawa wasan ya zama fanni mai littattafai da darajojin gwanaye. Al-Adli ya rubuta littafinsa a ƙarni na 9, As-Suli, wanda ya rasu wajen 946, ya shahara har aka riƙa buga misali da shi. Sunayen mayaƙan a wurinsu su ne shah, firzan, fil, faras, rukh da baidaƙ. Baidaƙ daga kalmar Farisanci take, mai nufin wanda ke tafiya a ƙasa, wato dakare ke nan ba ragi ba ƙari. Fil kuwa ba ta buƙatar fassara ga duk yaron da ya kai Suratul Fili a allonsa.

Inda takun ya samo asali

Wasu daga cikin takun suna bayyana kansu da zarar an mayar wa mayaƙan sunansu. Sarki gida ɗaya yake takawa ta kowace fuska, don shi ne ake tsaro, kuma kama shi ne ƙarshen yaƙi. Dakare gaba kawai yake yi, gida ɗaya, ba ya ja da baya. Idan ya yi kiciɓis da ɗan'uwansa dakare gaba da gaba sai su cije, kamar garkuwa ta haɗu da garkuwa, ba ya ci sai ta kusurwa. Karusa a miƙe take gudu, iyakar inda hanya ta buɗe, kuma ita ce mafi ƙarfi a tsohon wasa. Takun sarki da na doki da na karusa ba su canja ba cikin shekara fiye da 1,000.

Sauran biyun su ne za su ba ɗan wasan yau mamaki. Waziri a shaɗaranji gida ɗaya tak yake matsawa, ta kusurwa. Mashawarci ne da ke zaune kusa da ubangidansa, yana cikin mafi rauni a allo. Giwa kuma gida biyu take tsallakawa ta kusurwa, ko da akwai wani a tsakani. Saboda wannan taku, daga gidaje 64 na allo guda takwas kaɗai kowace giwa za ta iya takawa har a tashi wasa, kuma giwayen ɓangarorin biyu ba sa taɓa haɗuwa.

A nan ya kamata a ja kunnen malamin da ke son ƙawata darasi da tatsuniya. Yana da daɗi a ce wa yara doki yana lanƙwasa ne don haka ingarma ke yi idan ya turje, ko giwa tana karkata don nauyin haurenta. Ba fagen fama kaɗai ya haifi takun ba, akwai lissafin fili a ciki. A ajiye mayaƙi a tsakiyar allo, a dubi gidaje 24 da ke kewaye da shi har zuwa nisan gida biyu. Takwas na jikinsa na sarki ne, huɗu daga cikinsu, na kusurwa, waziri yana tarayya da shi. A zobe na biyu akwai gidaje 16. Huɗu na kusurwa na giwa ne, huɗu da ke miƙe suna kan hanyar karusa. Saura takwas, waɗanda ba layi miƙaƙƙe ko karkatacce da ke kaiwa gare su, su ne na doki. Abin da yara ke haddacewa da wahala a matsayin siffar harafin L kason da ya rage ne bayan an raba fili, aka bai wa mayaƙin da ya fi kowa iya tsallake. Yaron da aka nuna wa wannan rabo ba zai ƙara mance takun doki ba, kuma ya sami darasin lissafi a kan hanya.

Balansiya, a zamanin Rumfa

Wasan ya shiga Turai ta Andalus da Sisiliya. Tun wajen shekara ta 1000 wani rubutun Latin da aka adana a gidan ibada na Einsiedeln a Suwizalan ya kira mai zama kusa da sarki da sunan sarauniya, don fadojin Turai ba su san waziri ba, matar sarki suka sani a wannan gurbi. Amma suna kawai ya canja. Sarauniyar ta shafe kusan shekara 500 tana jan ƙafa gida ɗaya ta kusurwa, irin takun wazirin da ta gada.

Babban juyin ya zo ne a ƙarshen ƙarni na 15, daidai lokacin da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, yake kafa Kasuwar Kurmi da gidan sarautar da ke ɗauke da sunansa. Wajen 1475 wasu mawaƙa uku a Balansiya ta Sifaniya suka tsara wata waƙa da ke bin wasa taku bayan taku, a cikinta aka fara ganin sarauniya da giwa suna gudu iyakar ganinsu. A 1497 aka buga littafin Lucena a Salamanka ɗauke da tsohuwar ƙa'ida da sabuwa gefe da gefe. Mayaƙin da a da gida huɗu kaɗai yake iya kaiwa daga tsakiyar allo ya koma yana barazana ga gidaje 27, karusa tana nan da 14 ɗinta, giwa ta kai 13. Italiyawa da Faransawa har laƙabin wasan haukatacciyar sarauniya suka sa wa sabon salon.

Wasu masana, irin su Marilyn Yalom a littafinta na 2004, sun danganta wannan ƙarfi da Sarauniya Isabella ta Kastila, wadda ta hau mulki a 1474, ta kuma karɓe Garnaɗa daga hannun Musulmi a 1492. Hasashe ne mai jan hankali. Abin da ke bayyane a kan allo shi ne tsohon wasan yana da nawa: runduna biyu sukan daɗe suna rarrafe kafin su gwabza. Sabon takun waziri da giwa, da damar dakare ta tsallaka gida biyu a fitarsa ta farko, da ɓoye sarki a kusurwa cikin taku ɗaya, duk sun hanzarta haɗuwar. Wannan gyara na Turawa ne, kuma adalci ne a ba su shi, shi ne ƙa'idar da duniya ke bi yau. Wanda ya gyara wa doki linzami dai bai zama mai dokin ba.

Kowa ya karɓa ya raɗa suna

Babu mayaƙin da ya sha suna kamar giwa. Sifaniyawa sun riƙe kalmar Larabci, har gobe alfil suke cewa. Italiyawa suka ji lafazin ya yi kama da kalmarsu ta mai riƙe tuta, suka kira ta haka. Faransawa suka ce wawan sarki ne, Jamusawa suka ce ɗan aike ne mai gudu. Ingilishi suka ce bishof. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne masassaƙan Musulmi, da yake suna guje wa sura, sukan yi giwar ne a dunƙule da 'yan tsinkaye biyu a matsayin haure, mutanen arewacin Turai da ba su san giwa ba suka ga hular babban limaminsu. Rashawa da Turkawa da Larabawa kuwa har yau giwa suke cewa, Mongolawa suka mayar da ita raƙumi.

Haka karusa. Turawan yamma suka mayar da ita hasumiya, shi ya sa yaro ke mamakin yadda gini ke gudu daga wannan bango zuwa wancan. Rashawa da mutanen Bengal, masu rayuwa a bakin koguna, suka ce jirgin ruwa ne. 'Ya'yan wasan nan na ƙarni na 12 da aka tsinta a tsibirin Lewis na Sikotilan a 1831 sun nuna abin da mutanen arewa suka yi: a gurbin karusa sun sassaƙa mayaƙansu, wasu ma suna cizon bakin garkuwa don tsananin fushi. A Habasha wasan ya zama santarej, da tasa al'adar ta buɗe fage, inda kowane ɓangare ke ta jera rundunarsa ba jiran juna har sai an yi cin farko.

Misali mafi kusa yana ƙarshen titin da ya ratsa Hotoro. Wanda ya hau titin Maiduguri ya miƙe gabas kusan kilomita 600 zai isa ƙasar da ta san wannan wasa ba ta hannun Ingilishi ba. A 1934 C. K. Meek ya ba da rahoton shaɗaranjin Borno a mujallar Man, P. G. Harris ya ƙara bayani a 1939. Sunansa tsatsarandi, wanda kunne ke jin amon shaɗaranji a cikinsa. Barebari ba su fassara sunayen kowa ba, fadarsu suka ɗora a kan allo: sarki ya zama Mai, na kusa da shi Ciroma, doki ya amsa sunansa na Kanuri, fer, karusa kuma ta zama Kaigama, babban kwamandan yaƙi. Har a wancan lokaci masu iya wasan sun yi ƙaranci. Ciroma da Galadima da Kaigama sarautu ne da Hausa ta aro daga Borno tun ƙarnuka. Harshen da ya iya aro sarautun ba zai gaza aro dabarar ɗora su a kan allo ba.

Dara daban, shaɗaranji daban

A watan Afrilun 2024 Tunde Onakoya, wanda ya kafa shirin koya wa yaran unguwannin talakawa wannan wasa a Legas, ya shafe awa 60 yana bugawa a dandalin Times Square na birnin New York. Labarin ya iso wa masu jin Hausa da yawa da sunan wasan dara. Wannan kuskuren ya fi na bishof ɓarna, don wasa biyu yake zalunta lokaci guda.

Dara wasa ne mai zaman kansa da nasa zurfin. Gurabe 30 ake haƙawa, biyar sau shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, ana neman jera uku a ci ɗaya na abokin karawa. A dara duk 'ya'ya ɗaya suke, ba sarki ba bawa, ba wanda ya fi wani taku. Shaɗaranji kuwa gaba ɗayansa a kan bambancin muƙami ya ginu. Kiran su da suna ɗaya yana sa mai sauraro ya zaci Bature ne ya ɗauki dara ya gyara, ya kuma sa a ɗauki dara a matsayin ƙaramin ƙanen wani abu, alhali ba dangin iya ba na baba.

Fassara kai tsaye ma ba ta kuɓutar ba. Wanda ya ce sarauniya, limami, jarumi da hasumiya ya ɗauko ruɗanin Turai ne ya sa masa babbar riga. Limami a fagen daga yana tafiya a karkace bai fi bishof ma'ana ba, sai ma ya ƙara janyo rigimar da ba dalili.

Sunayen da suka dace

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Inda tsohon suna yake da takwara a Hausa, a riƙe shi. Inda abin da ake nufi baƙo ne ga yaƙin ƙasar Hausa, a yi abin da Borno ta yi.

Sarki sarki ne. Wanda ya taɓa ganin fitowar sarki, da yadda fadawa ke yi masa sannu a kowane taku, ba ya buƙatar a bayyana masa dalilin gida ɗaya. Kashedin da ake yi masa idan an kai masa hari, wanda Farisawan da suka riƙa cewa shah, yana da kalma tun fil azal a bakin dogarai: hattara. Idan hanya ta toshe masa, an ci gari. Ɓoye shi a kusurwa shiga ganuwa ne.

Na kusa da shi waziri ne, kamar yadda Larabawa da Turkawa da masu jin Hindi da Urdu ke cewa har yau. Mai ƙorafin cewa waziri ɗan alƙalami ne, bai dace da mayaƙin da ya fi kowa kai hari ba, sai ya tuna 1903. Rundunar Kanar Morland ta shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu, Sarki Alu yana can ya tafi Sakkwato. Wanda ya ja ragowar dawakin Kano ya fuskanci bindigogin Ingilishi a Kwatarkwashi, ya kwanta dama a can, shi ne Waziri Ahmadu, wanda Kanawa ke kira Mai Shahada. Za a sami masu cewa Sarauniya Amina ta Zazzau ta isa hujjar riƙe sunan sarauniya, kuma hujjar ba ta banza ba ce. Sai dai Amina, yadda tarihi ya riƙe ta, ita ce mai ƙasar, ba mai tsayawa gefen wani ba. Gurbinta a allo na sarki ne.

Giwa ta koma giwarta. Hausawa ba su yi yaƙi da giwaye ba, amma giwa ta cika kirarin sarakuna, kuma sunan yana haɗa yaro da Bagadaza da Samarƙandi cikin kalma ɗaya. Doki doki ne, kansa ma aka sassaƙa.

Karusa ce baƙuwa, kuma magajinta a fili yake: lifidi. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya danganta shigo da lifidi da kwalkwali da sulke ga Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410. 'Yan lifida mahaya ne masu nauyi, su da dawakinsu a lulluɓe da auduga ɗinkakkiya da kibiya ba ta saurin hudawa. Ba su da saurin juyi, su ne katangar sarki, idan kuma suka taso a miƙe suke keta sahu. Mayaƙin da ke zaune a kusurwa, yake jinkirin fitowa, yake kare sarki idan an shiga ganuwa, sannan ya mamaye fili a ƙarshen wasa, an yi masa bayani ke nan da kalma ɗaya.

Na sahun gaba dakaru ne, ɗaya dakare. Idan dakare ya tsira har ya kai sahun ƙarshe na abokan gaba, naɗi ya samu, a ɗaura masa rawanin waziri ko na wani muƙami. Kano, inda bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama suka riƙe ragamar fada, ta san wannan labari tun kafin ta ga allon.

Uzurori uku

Na farko shi ne gasa: wai yaron da ya koyi giwa da lifidi zai ruɗe idan ya fita waje. Dokokin FIDE, hukumar wasan ta duniya da aka kafa a Faris a 1924, sun yarda ɗan wasa ya rubuta takunsa da harafin farko na sunan da ake kiran mayaƙin a ƙasarsa. Bajamushe da Bafaranshe kowa da nasa haruffan, sunayen gidaje ne kawai, daga a1 zuwa h8, kowa ya yi tarayya a kai. Haruffan Hausa ma ba sa karo da juna: S, W, L, G, D, dakare kuwa dama ba a sa masa harafi. 'Yan wasan Tarayyar Sobiyet sun riƙe kambin duniya ba yankewa daga 1948 zuwa 1972 suna cewa giwa da jirgin ruwa. Sunaye shida na Ingilishi aikin yini ɗaya ne ga yaron da ya riga ya fahimci wasan da harshen da yake tunani da shi.

Na biyu shi ne hukuncin shari'a, kuma wannan ba abin wasa ba ne. An ruwaito a Muwaɗɗa cewa Imamu Malik ya ƙi shaɗaranji. Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ta ambace shi tare da nardu cikin abin da bai halatta a yi wasa da shi ba. A mazhabar Shafi'i kuwa ra'ayin da ya shahara shi ne karhanci, muddin babu caca kuma bai shagaltar daga salla ba. Wannan hurumin malamai ne, kuma uban da ya hana ɗansa don bin Risala yana da madogarar da ta cancanci girmamawa. Amma a lura da abin da wannan ke tabbatarwa. Littafin da aka daɗe ana karantawa a zaurukan Kano ya kira wasan da sunansa kusan shekara 500 kafin juyin Balansiya. Duk almajirin da ya sauke Risala ya ji kalmar daga bakin malaminsa. Ana iya hana wasan da hujjar fiƙihu, amma ba a iya hana shi da hujjar cewa Nasara ne suka ƙago shi.

Na uku shi ne gicciyen da ke kan sarki da hular da ke kan giwa. Waɗannan a samfurin Staunton ake ganinsu, wanda kamfanin Jaques na Landan ya fara sayarwa a 1849, ya kuma zama ruwan dare. Ba farilla ba ne. Don gasar ƙasashe ta 1950 a Dubrovnik an sassaƙa samfurin da ba shi da alamar addini ko ɗaya, kuma Musulmi sun yi ƙarnuka suna wasa da 'ya'ya marasa fuska. Masassaƙin da ke iya fitar da ƙafar kujera a injin juyi zai iya fitar da sarki mai rawani da lifidi mai kwalkwali, ko kuma siffofi a dunƙule ga mai gudun sura.

Abin da ke kan faifai

Batun ya wuce kalmomi shida. Yaran unguwannin nan suna tasowa da Hausar aike da gaisuwa da wasa da dariya, duk abin da ke buƙatar zurfin tunani kuma, daga lissafi zuwa kwamfuta, da Turanci yake zuwar musu. Kowane sabon fanni da ya shigo ba tare da Hausa ba yana ƙara tabbatar musu cewa harshen gida ba na tunani ba ne. A gefe guda kuma kalmomin yaƙin Hausa suna shuɗewa. Lifidi da sulke da barde da dakare sun koma abin kallo sau biyu a shekara. UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, amma yaro yana iya tsayawa a bakin titi ranar Hawan Nasarawa, 'yan lifida su wuce ta gabansa, bai san sunansu ba balle aikinsu. Allon nan wuri ne da waɗannan kalmomi za su koma bakin aiki kullum, a bakin yara, cikin gardama da dabara.

Aikin ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Malamin da ke koyar da wasan ya faɗi sunayen biyu a darasin farko, ya fara da na Hausa. Editocin sashen Hausa su daina cewa dara, su ce shaɗaranji. Masana harshe a Jami'ar Bayero, waɗanda daidaita kalmomi sana'arsu ce, su duba jerin nan, su gyara abin gyarawa. Idan suka ga Madaki ya fi waziri, ko barde ya fi doki, wannan gardama ce mai amfani, kuma da Hausa za a yi ta.

Uban nan na Hotoro kuwa, ko ya bar allon a gidansa ko ya hana, yana da abin da zai gaya wa ɗansa wanda ya fi "haka Malam ya ce". Zai iya ɗaga ɗan itacen ya ce masa giwa ce, daga Indiya ta taso, ta bi ta Farisa da Bagadaza, a da gida biyu take tsallakawa, a Sifaniya aka sake mata taku a zamanin Rumfa, hular kuma mutanen arewacin Turai ne suka sa mata. Sannan ya nuna masa na kusurwa ya tambaye shi ko ya tuna mahayan nan masu lulluɓe da suka gani ranar hawa.